Muryar da Lantana ta Tsinta a Marina

Ku rage fitilar nan, ku matso kusa. Kai Ilu, in ka san za ka jiƙa tabarma, tashi tun yanzu ka tafi wajen Inna, kada gobe a ce ni na jawo.

Kun san wasan zanen nan na talabijin, Lungun Gafiya, wanda Kansila mai tumbi yake sayar da komai na unguwa, har kwata da inuwar bishiya? To a cikinku wa ya taɓa ganin kashi na biyu? Babu. Daga na ɗaya ake tsallakawa zuwa na uku. Sau ɗaya tak aka nuna shi, yau za ku ji dalili.

Lokacin wasan bai yi suna ba. Mutum biyu ke riƙe da shi, Sallau mai zane da Lantana mai murya. A wani ɗan shago suke aiki, sun manna katifun soso a bango don kada ƙarar babura ta shiga. Lantana kuwa Allah ya yi mata baiwa. Ita ce matar Kansila, ita ce mai ƙosai, ita ce akuyar Liman. In ta ji maganarka sau ɗaya, shi ke nan, ta ɗauke ka. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗa guda, Mudi, ɗan shekara huɗu, suna zaune a gidan mahaifiyarta, Iya.

A kashi na biyu, Kansila ya sayar da tsohuwar marina za a gina shaguna, sai wata tsohuwar aljana ta fito daga rami da ƙunshin kayanta tana masifa, wai har su ma an ba su notis. Muryar aljanar ce ta gagara. Lantana ta maƙe wuya, ta toshe hanci, Sallau sai girgiza kai yake.

"Wannan ai kakata ce ke neman goro. Aljana nake so."

"Ka taɓa jin aljana ne?"

"Ke dai nemo."

To a bayan unguwar su Lantana akwai marina ta gaske, wadda aka daina rini a cikinta tun kafin a haife ta. Ramukan sun bushe ƙamas. Ba mai bin wurin da tsakar rana. Ran nan tana sauri, sai ta yanke ta nan. Rana tsaka, ko kaza ba ta motsi. Sai ta ji kira daga ƙasa. Muryar tsohuwa ce, kamar ana magana cikin tulu, tana jan ƙarshen suna. Uwa ce ke kiran ɗanta ya zo ya ci abinci, duk wanda ya ji zai gane. Sunan kuwa ba zan faɗa ba, kada ma ku tambaye ni.

Mai hankali ai a'uziyya zai yi ya ƙara sauri. Ita sai ta tsaya ta kasa kunne. Kai, sana'a! Ta yi ta maimaitawa a ranta har muryar ta zauna mata a maƙogwaro. Tana isa shago ta tsaya gaban makirfo ta sake ta, da sunan da komai. Sallau ya ajiye alƙalami.

"A ina kika samo wannan?"

"A hanya na tsinta."

Ranar Juma'a aka nuna shi. Gari ya sha dariya. Duk gida mai talabijin, duk teburin mai shayi, aljana tana ƙwala wa ɗanta kira ya fito da tabarma, Kansila ya iso.

Washegari Lantana ta buɗe baki za ta gai da Iya, sai muryar tulun nan ta fito. Ta yi gyaran murya. Ta sha ruwa. Ita ce dai. Mudi ya ruga ya ɓuya a bayan kakarsa.

"Ke, bar wasan nan da sassafe," in ji Iya.

Ina! Ba wasa ba ne. Ta yafa mayafi za ta je wajen Sallau, sai ƙafafunta suka kai ta marina. Wata tsohuwa na zaune a bakin rami. Zanenta jiƙe sharkaf, yana ɗigar da shuni a kan busasshiyar ƙasa. Hannuwanta shuɗi ne har gwiwa.

"Lantana."

Wallahi da muryar Lantana ta kira ta. Tata ta gida, wadda take lallashin Mudi da ita.

"Kin ɗauki abin da ba naki ba."

"Kaka, ki yi haƙuri. Wasa ne."

"Wasa. Jiya ɗana na kwance kusa da ni, ya ji ina kiransa daga gabas. Ya tashi. Ya ji ina kiransa daga yamma. Gida gida ya bi. Ko'ina uwarsa na kira, in ya shiga sai ya tarar da akwati da mutane suna dariya. Na buɗe baki in kira shi, ba murya, tana wuyanki." Ta matse gefen zanenta, shuni ya tsiyaye. "Sai na ɗauki taki. Nawa ba ya amsa ta. Amma akwai mai amsawa."

Tsohuwar ta ɗaga kai ta dubi rana.

"In rana ta faɗi nawa bai dawo ba, zan kira naki."

Da gudu ta koma gida. Ta kama hannun Iya, ta ce da muryar nan mai ban tsoro, "Ki riƙe Mudi. Ko ni kika ji ina kira, kada ki sake shi." Iya tsohuwa ce, ta ga jiya ta ga yau. Ta dube ta sau ɗaya, ba ta tambayi komai ba, ta jawo yaron.

Lantana ta shiga gari, lungu lungu, tana kiran sunan nan. Abin takaici, kowa ya gane muryar. "Ga aljanar Lungun Gafiya!" Yara suka biyo ta ɗuu suna tafi. Mai shayi ya ce ta ƙara ɗaya ya ba ta kofi kyauta. Tana kira tana hawaye, su kuwa sun ɗauka duk cikin wasan ne, har wani yana riƙe ciki. Ba ta taɓa tsanar dariyar mutane ba sai ran nan.

Azahar ta wuce. La'asar ta wuce. Maƙogwaronta kamar an zuba barkono. Rana ta yi ja, Lantana ta isa wani gidan kallo na kwano a bayan tasha, an rufe shi da kwaɗo. Daga ciki ta ji sheshsheƙa, ƙasa ƙasa, irin ta yaron da ya gaji da kuka. Ta kira sunan a hankali.

Kukan ya tsaya.

Sai ta ji an kama gefen zanenta. Ɗan hannu ne ƙarami, da zafi kamar murfin tukunya. Yaran da ke bin ta suka yi tsit, suka watse ɗaya bayan ɗaya. Ba ta duba ƙasa ba. Ta juya ta kama hanya, tana jin takunsa a gefenta, ƙwas, ƙwas, kamar na ɗan akuya a kan dutse.

Gajere ne, takunsa gajere. In ta ɗan ƙara sauri sai ta ji hannun yana zamewa, dole ta rage. Suna tsakiyar lungun maƙera ladan ya ɗaga murya yana kiran magariba. Can kuma daga wajen gidansu, ta ji tata muryar, mai daɗi, mai laushi.

"Mudi. Zo mana, ɗan albarka. Zo wajen Umma."

Ku da kanku ku faɗa, wace uwa ce ba za ta ruga ba? Amma in ta ruga wannan zai sake ta, in ya sake ta an rasa duka biyun. Haka ta ci gaba da tafiya a hankali, tana cizon leɓe har ya fashe, ana kiran ɗanta da muryarta.

Suna isa marina hannun ya saki. Ta ji tsundum a cikin ramin da ba ruwa. Tari ya sarƙe ta, ta tofar da wani abu shuɗi, ta ce, "Kaka, na kawo shi!" Muryarta ce ta fito. Kiran can ya yanke.

Ta tarar da ƙofar ɗakin Iya a rufe, an tokare ta da turmi.

"Iya, ni ce."

"Haka waccan ma ta ce."

Sai da ta zagaya ta taga ta nuna fuskarta. Iya na tsaye a tsakar ɗaki, ta goya Mudi ta ɗaure da zane biyu, kafaɗarta duk cizo da yaƙushi.

"Ya kusa fin ƙarfina," in ji Iya. "Ummansa na kira a bayan katanga, ni ina ce masa ba uwarka ba ce, ba uwarka ba ce."

Aka sauke shi. Lantana ta durƙusa ta miƙa hannu. "Mudi, zo." Yaron ya toshe kunnuwansa da hannu biyu. Ya daɗe yana kallon fuskarta kafin ya taka.

Yanzu Mudi magidanci ne, da gemunsa da 'ya'yansa. Amma har gobe in uwarsa ta kira shi daga cikin ɗaki ba ya amsawa. Sai ya taso ya ɗaga labule ya ga fuskarta, sannan ya ce na'am. Ita da bakinta ta gaya wa Inna, duk garin nan ba wanda bai yarda da muryarta ba sai ɗan da ta haifa, kuma ba ranar da abin ba ya ci mata rai.

Saboda haka in an aike ku, ku zagaya ta bakin titi ko da ya fi nisa. Kada wanda ya bi ta marina shi kaɗai. In kuma kun ji abin da ba ku ga mai faɗarsa ba, ku bar shi a inda kuka ji shi. Ilu, saki rigata, ni ce.