Kwamfutar Dakta Fadila

Bayan sallar azahar aka kira Insifekta Ja'afaru zuwa wani asibitin ido da ke Ƙofar Durbi, inda wata ƙungiyar agaji ke ɗaukar nauyin cire wa talakawa yanar ido kyauta. An sace kwamfuta a ofishin wata mai bincike, Dakta Fadila.

Ya same ta tsaye a bakin ƙofa, ta hana kowa shiga. Ta ce salla ta fita yi, ta ja ƙofar ba ta kulle ba. Da ya tambaye ta abin da ke cikin kwamfutar, sai ta ce hirarraki ne da mutanen da aka yi wa aiki. Ba karanta harufa a bango take sa su ba. Tambayarsu take ko suna gane fuskar jikokinsu, ko suna zuwa masallaci ba ɗan jagora, ko sun koma sana'a. Da amsoshin ake fitar da maki, da makin kuma ƙungiyar za ta duba ko aikin ya cancanci abin da take kashewa. In babu sakamako, shirin zai tsaya, ga ɗaruruwan mutane suna jiran layi.

"Ba ki ajiye shi a wani wuri ba?"

"Muryoyin marasa lafiya ne, Insifekta. Ƙa'ida ta hana ni yawo da su."

Ja'afaru ya leƙa ciki. Wayarta da jakarta na kan tebur, ba wanda ya taɓa. A ƙasa, ta gefen hagun tebur ɗin, ga kofin zoɓo a fashe, ya yi ja a kan siminti. Ɓarawon ya san abin da ya zo ɗauka, amma ya ture kofin da ke kusa da hannunsa.

Ya tambaye ta ko akwai wanda binciken zai ɓata wa rai. Ta ce da safe, a taron ma'aikata, ta ambaci cewa akwai wani rukunin marasa lafiya da makinsu ya faɗi ƙasa sosai, kamar ba a yi musu komai ba, kuma tana shirin duba abin da ya haɗa su.

Daga nan ya nufi get. Mai gadi, Salihu, ya rantse bai motsa daga bencinsa ba, kuma ba wanda ya wuce ta gaban ofishin. Ja'afaru ya bar shi ya gama, sannan ya nuna ledar fura mai sanyi da ke ƙarƙashin bencin.

"Ita ta kawo kanta?"

Salihu ya sosa ƙeya, ya ce tsallaka titi kawai ya yi, kada a gaya wa manya. Tsoro ya buɗe masa baki, ya shiga lissafa masu shiga da fita. Baƙo bai shigo ba, mota ma ba ta fita ba. Babban likitan tiyata, Dakta Mahmud, shi dama ya daina zuwa da mota tun bara, a Keke Napep yake zuwa.

Insifekta ya tambayi dalili. Salihu ya nuna ginshiƙin get ɗin, inda fenti ya kankare. Ya ce likita ya sha gogar wurin da mota, kullum ta ɓangaren hagu, daga baya ya ce ciwon baya ya hana shi tuƙi.

Ja'afaru ya koma wurin Fadila, ya ce ta tuna masa mutum ɗaya cikin waɗanda makinsu ya faɗi. Ta kai shi Ƙofar Guga, gidan wata tsohuwa mai suna Furera, wadda ta yi suna a ɗinkin hula kafin yana ta rufe mata ido.

Sun same ta a tsakar gida, allura da zare na ajiye a faifai ba ta taɓa su ba. An daɗe ana gaisawa. Ta ce maƙwabciyarta da aka yi wa aiki a asibitin nan har tsintar shinkafa take yi, ita kuwa haske kawai take gani da inuwar mutane. Ba ta kai ƙara ba, ta ɗauka rabonta ke nan.

"Inna, kin tuna ranar aikin?"

"Mi zai hana? Ai ba barci suka sa ni ba, idon kaɗai suka kashe. Ina jin likita shina cewa a ƙaro haske, a ƙaro haske. Yarinyar da ke miƙa mai kaya ta ce fitilar ta kai ƙarshe. Can na ji ta ce mai a hankali, likita, ba nan ba, matsa hagu."

"Wane likita ne?"

"Babban nasu. Mahmudu. Mutumin kirki, shi ya yi wa mijina aiki shekarun baya, ya gani tangaram har ya rasu."

A mota, da suka kusa asibiti, Fadila ta ce Dakta Mahmud ne ya koyar da ita a makaranta.

La'asar ta kusa lokacin da Ja'afaru ya shiga ofishin likitan, da abokin aikinsa Saje Sa'idu a bayansa. Likitan dattijo ne mai furfura, cikin farar kaftani, ya tarbe su da fara'a. Ya ce satar ta ba shi mamaki, shi yana masallaci lokacin, kuma rabonsa da ofishin Fadila tun makon jiya. Ya ba da shawarar a matsa wa mai gadi.

Ja'afaru ya yi wa Saje alama. Saje ya zagaya a hankali ya tsaya a hagun likitan, ya miƙa masa biro dab da kafaɗarsa.

"Likita, karɓi biro ka sa mana hannu a bayaninka."

Dakta Mahmud ya duba tebur, ya duba hannun Insifekta, ya ce ina biron. Sai da Saje ya yi gyaran murya likitan ya juya kansa gaba ɗaya, ya firgita da ganin mutum a gefensa.

"Ka ce ba ka shiga ofishinta ba," in ji Ja'afaru. "Dubi ƙasan kaftaninka ta hagu."

Likitan ya sunkuya, ya jawo rigar har gaban fuskarsa kafin ya ga jan zoɓon. Ya daɗe yana riƙe da ita. Da ya sake, muryarsa ta canza.

Ya ce hawan jinin ido ne. Shi da kansa ya gano, lokacin da ya riga ya cinye masa gefen gani. Ya yi ta ɗiga magani a ɓoye, yana gaya wa kansa hannunsa ya san hanya ko da ido ya gaza. Marasa lafiya ba sa ƙorafi, sai godiya, don haka ba wanda ya lura. Da ya ji maganar Fadila a taro, ya san in ta duba za ta ga sunansa a kan kowane ɗaya daga cikinsu.

"Ina kwamfutar?"

Ya nuna kabad ɗin da ke bayansa. Ya ce ya yi niyyar jefa ta a rijiya, ya kasa.

Fadila, wadda ke tsaye a ƙofa, ta shigo ta ɗauko ta, ta buɗe. Komai na nan. Ba ta iya kallonsa ba, sai ta tambaye shi ko cikin mutanen akwai waɗanda za a iya gyara wa.

"Da yawa," ya ce. "A kira su da wuri. A fara da Furera, nata zai gyaru in an samu hannu mai kyau."

Ja'afaru ya sanar da shi cewa an kama shi bisa sata, sauran kuma hukumar likitoci za ta bincika, har da ma'aikaciyar da ta rufa masa asiri. Saje ya ciro ankwa, Insifekta ya girgiza masa kai.

Suka fito ta baranda, inda masu jiran layi ke zaune a kan benci. Wasu suka miƙe suna gaishe da likitan, suna sa masa albarka, ba su san abin da ake ciki ba. A bakin matakala ya tsaya cak, yana laluben gefen da ƙafa.

"Insifekta," ya ce a hankali, "riƙe ni. Ba na ganin inda ta ƙare."

Ja'afaru ya kama masa hannu, suka sauka tare zuwa mota.