Mai Amsa Wa Kellu a Kwamfuta

Wata Asabar, ana dab da kiran magariba, Alhaji Suleiman mai fataucin shanu yana alwala a tsakar gidansa da ke unguwar Mairi, sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Mahaifiyarsa, Kaka, ta ɗaga kai daga tsintar wake. Na biyu ya faɗo cikin butar Alhaji, ya fasa ta. Alhaji ya kai hannu zai ɗauki dutsen, ya ji shi da zafi kamar daga murhu aka zaro shi.

Ya fita da sanda yana zagi. Babu kowa a layin.

A cikin ɗaki kuwa, ƙarar madannai ba ta tsaya ba. 'Yarsa Kellu ce gaban kwamfutar da ya saya mata a shekarar casa'in da bakwai, lokacin da ta shiga makarantar koyon aikin sakatariya. Akwai wata manhaja a ciki ta rubuta abin da ya faru da mutum kowace rana, mai kalmar sirri. Kullum idan rana ta yi ja, nan Kellu take zama, ƙofa a rufe.

Shekara guda ke nan gaisuwa kawai ke haɗa ta da ubanta. Ya saki uwarta tun tana ƙarama, ya hana ta zuwa wurinta. Da ciwon ajali ya kama matar a ƙauyen Dusuman, sau uku tana aikowa a kai mata 'yarta, sau uku Alhaji yana danne saƙon. A bakin maƙwabta Kellu ta ji rasuwar.

Kwana uku ana jifan gidan, kullum a daidai wannan lokaci. A rana ta huɗu aka ɗauke wuta tun azahar, amma da yamma Kaka ta ga haske a ƙarƙashin ƙofar ɗakin. Ta tura. Kellu na zaune, hannuwanta a kan cinya, idonta a ƙafe. Madannai na danna kansu.

Kaka ta ja da baya tana salati, ta kira ɗanta. Ya sunkuya ya karanta abin da ke kan allon.

"Ke mai saurarena, da ma a jefi gidan nan." A ƙarƙashi an rubuta: "An jefa."

"Da ma ya rasa abin da yake so, ya ji yadda na ji." A ƙarƙashi: "Gobe."

"Da ma ya mutu." A ƙarƙashi: "Juma'a."

Alhaji ya fizge wayar daga bango. Hasken bai mutu ba. Kellu ta juyo ta dube shi, ta yi dariya da muryar wata tsohuwa.

Washegari makiyayinsa ya zo da labarin cewa manyan bijimansa uku sun wayi gari a mace, babu rauni a jikin ko ɗaya. Ranar Alhamis bayan la'asar aka ɗauko Goni Mukhtari daga unguwar Moduganari, dattijo mahaddacin Alƙur'ani, mai ƙarancin magana. Ya sa aka zaunar da yarinyar a tabarma, Kaka ta riƙe ta, ya fara karatu a hankali. Bai yi nisa ba jikinta ya sandare.

"Ke wace ce?" in ji Goni.

"Wadda yarinyar nan ta kira. Shekara guda tana kirana kowace magariba. Duk gidan nan wa ya taɓa tambayarta abin da ke cinta? Ni na saurara."

"Me kike nema?"

"Abin da ta rubuta. Ran ubanta."

"Rai ba naki ba ne, ba nata ba ne."

"To, hannunta na dama. Da shi ta kira ni."

Goni ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya. Ta yi kururuwa har kajin gidan suka watse. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara.

"Tsaya, tsoho, kana ƙona ni! Zan fita. Amma sai uban ya karanta abin da ta rubuta da bakinsa. Duka. Tana ji."

Goni ya dubi Alhaji. "Wannan babu saɓo a cikinsa. Za ka iya?"

"A gaban uwata, Goni?"

"Zauna ka karanta," in ji Kaka. Ba ta ko dube shi ba.

Ya zauna. Ya karanta ranar da Kellu ta ji mutuwar uwarta a bakin maƙwabciya mai sayar da manja. Ya karanta inda ta ce ta manta kamannin uwarta, sai ƙamshin turarenta. Ya karanta kowane suna da ta kira shi. Ya tsallake wani layi, muryar tsohuwar ta ce, "Koma." Ya koma.

Yana kai ƙarshe, Goni ya sa aljanar ta rantse ba za ta dawo ba. Kellu ta yi atishawa sau uku, babban yatsan ƙafarta ya yi rawa, ta sulale jikin Kaka. Allon ya yi duhu.

Juma'a ta zo ta wuce, Alhaji na raye. Da aka dawo da wuta ya tarar da 'yarsa zaune a bakin ƙofa, ta rame. Ya tsaya a gabanta.

"Kellu, ki yafe mini. Bari in kira wanda zai goge rubutun nan."

Ta ɗaga ido ta dube shi, da muryarta ta ainihi.

"Bar shi, Baba. Ni na rubuta, ba ita ba."