Hular Mai Mita Ta Tsuke

Ranar da Mai Mita ya fara shigowa shagon, hularsa a hannu take, goshinsa kuma da wani jan layi kamar an ɗaure shi da igiya. Auta ta ɗago daga kan tukunyar tururi, ta dubi layin, ta dubi hular, ta gane komai tun bai buɗe baki ba.

"Ruwa ya dake ta, ka shanya ta a kan risho," ta ce.

"A gefen risho dai," ya gyara mata a hankali.

"Malam, ai duk ɗaya ne."

Shagon na babanta ne. Aikinsu malafar ulu, irin mai faɗin bakin nan da ake danne gashi a yi ta. Su yi sabuwa, su gyara tsohuwa. Ulu kuwa abu ne mai fushi: ya sha ruwa ya ji zafin wuta, sai ya tsuke. Sai an lallashe shi da tururi, an ɗora shi a kan katakon buɗawa ana murza sukuru kaɗan-kaɗan, kafin ya saki jiki.

Baba ne ke auna kan maza, amma ranar ya tafi karɓo maganin gwiwarsa. Dole Auta ta ɗauki tef, ta ce wa baƙon ya zauna. Ta zagaya shi da tef ɗin, yatsa ɗaya sama da kunne. Shi kuwa ya ƙame, ko numfashin kirki ya kasa.

"Kanka dogo ne," ta ce, tana ɓoye murmushi. "Ita kuma hular an yi ta ne don mai zagayayyen kai. A ina ka same ta?"

"A gwanjo. Mai ita na farko bai bar mini bayani ba."

Dariyar da ta kufce mata ta ba ta mamaki. Ta daɗe ba ta ji muryarta a haka ba.

Da ya dawo karɓa, ta ɗora masa ita da hannunta, ta zauna daram. Ta ja masa kunne: kada ta ga wuta, kada a shanya ta a jiƙe a rana, kuma ya riƙa sa ta kullum. "Hular da aka buɗa, in aka bar ta a ƙusa, komawa take yi yadda take. Kanka ne zai riƙe ta."

"Zan riƙe," ya ce. Sai ya nemi lambarta, wai ko da hular za ta sake yin rigima.

Ma'aikacin kamfanin ruwa ne, yana bin gida-gida yana karanta mita. Aiki ne da ba wanda ke murnar ganinka. Ana buɗe masa ƙofa a ɗaure fuska, a rufe tun bai gama godiya ba. Wata rana yakan wuni bai yi magana da kowa ba sai karnukan mutane, su ma ba gaisuwa suke yi ba.

Ita ma Auta ba ta fi shi abokan hira ba. Yayyenta mata duk sun yi aure a nesa, sai a waya ake jin su. Mama ta rasu tun Auta tana makaranta. Gidan da a da ba ka jin maganarka saboda hayaniya, yanzu ƙarar cokali kawai ake ji in ita da Baba suna cin abinci.

A saman kantar shagon akwai katako guda mai siffar kai da ba a taɓawa. A kansa hular Mama take, ruwan toka, mai siririn kirtani. Baba ne ya yi mata ita suna saurayi da budurwa, takan ɗora ta bisa ɗankwali in za ta fita. Tun rasuwarta ya kafa ta a katakon don kada ta tsuke, kuma kowace safiya sai ya goge ta da buroshi kafin ya amsa gaisuwar kowa.

Saƙon farko ya shigo da la'asar.

"Salam. Hula tana gaishe ki. Yau kare ya bi ni, na faɗi, amma ita ba ta faɗi ba. Aikinki ya yi kyau."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Ka gaishe ta. Shi kuma mai kan, Allah ya kiyaye gaba."

Daga nan hanya ta buɗe. Ya sa mata suna Tururina, wai ita kaɗai ta iya sa shi ya saki jiki. Ita kuma ba ta wahalar da kanta ba, Dogon Kai take ce masa. Yakan biyo da yamma bayan aiki, ya zauna a benci yana kallon yadda take juya hula a bakin tururi, yana ba ta labarin gidajen da ya shiga.

"Tururina, kin san me na fi so a duk yinin nan?"

"Tashi daga aiki."

"A'a. Ƙofar nan taku. Ita kaɗai ce in na tura ake cewa sannu da zuwa."

Ta sunkuyar da kai, ta ce tururi ne ya shiga idonta.

Baba yana gani, bai ce uffan ba, sai ranar da saurayin ya zo da maganar turo manyansa. Ya tambaye shi inda yake zaune. Can ƙarshen gari ne, sai an hau mota an sauka an sake hawa wata. Ya tambaye shi ko kamfanin kan mayar da mutum wani gari. Mai Mita bai iya ƙarya ba, ya ce yakan faru.

"Samari, ban ga aibunka ba," in ji Baba. "Amma ka yi haƙuri. Ka bar zuwa shagon nan, ka kuma bar mini yarinya ta huta."

Bayan ya fita Auta ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ai zan riƙa zuwa kullum."

"Yayyenki ma haka suka ce."

Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ta dubi hannuwansa da suka fara rawa, ta tuna cewa ita ke zura masa zare a allura, sai ta tashi ta koma ɗakin baya.

Da yamma saƙo ya shigo: "Zuciyata, Baba ya yi magana, ni kuma ban tashi da uba ba balle in san yadda ake musu da shi. Zan bi abin da ya ce. Amma ban fasa ba, kuma ba zan fasa ba. Ki kula mini da kanki."

Ta yi ta rubutu tana gogewa. Abin da ta tura a ƙarshe shi ne: "Ka riƙa sa hularka."

Shiru ya biyo baya, irin mai nauyin nan. Damina ta sauka, huluna suka yi ta zuwa a tsuke, Auta ta koma ɗakin baya tana wuni da tukunya da katako. Benci ya zama wurin ajiye kwalaye. Wayarta in ta yi ƙara, ko dai kamfanin layi ne ko wata yayarta tana tambayar gwiwar Baba.

A nan ne ɗan mai takalma ya samu fili. Shagonsu na jikin nasu, bango ɗaya ya raba, abin da ya fi burge Baba ke nan. Ba mugun mutum ba ne, sai dai in ya fara magana a kan kansa, ruwan tukunya kan ƙone bai kai rabi ba. Baba bai taɓa ce mata ta so shi ba. Yakan dai ce, "Yaron nan akwai gaisuwa," sannan ya saci kallonta.

"Af, na ga mutuminki rannan a tasha," ɗan mai takalma ya ce wata rana, kamar abin bai dame shi ba. "Da wata hana-sallah a kansa, ja. Ta ma fi yi masa kyau."

Auta ta ce Allah ya sa alheri, ta ci gaba da ɗinki. Allurar ce dai ta soke ta.

Ba a jima ba wata mata ta yi sallama da leda a hannu. Ta ce ita yayar Mai Mita ce, aiko ta aka yi, hula ta matse a buɗa. "Na ce ya kawo da kansa, ya ce ya yi alkawari. Ni dai ban gane muku ba."

Auta ta karɓa, ta shige ɗakin baya, ta zura tef a bakin hular. Ta tsuke, har ta fi ranar farko. Ashe gaskiya ne. Ya rataye ta a ƙusa ya manta, sai yanzu da ya tuna da ita ya aiko a gyara masa, kamar kowane kwastoma. Ko juya hular ba ta yi ba, ta kife ta a kan tebur ta zauna ta yi kuka mai isarta.

Da ta fito ta ce, "Baba, in ɗan mai takalma ya sake yin maganar, ka ce masa na amince."

Abin da Baba ke jira ke nan, amma da ya dubi idonta murnar ta ƙi zuwa. Ya tashi yana ɗingishi ya shiga ɗakin baya. Ya daɗe a ciki. Da ya fito, hular na hannunsa.

"Zo nan, Auta. Wa ya koya miki duba hula da tef kaɗai?"

Ya juya mata cikinta. Fatar da ke zagaye da baki ta yi baƙi, ta ƙandare, ga farin gishirin zufa layi bisa layi.

"Wadda aka bari a ƙusa, za ki ga ƙura a bakinta da shaidar ƙusa a bayanta. Ina suke? Wannan zufa ce ta cinye fatar, ruwa ya dake ta ta bushe a kan mai ita. Matse shi take yi yana sa ta a haka. In ma an gan shi da wata hula, to ranar ciwon kai ne ya fi ƙarfinsa."

Sai ya nuna mata goshin hular, inda ake kamawa da yatsu. Gashin wurin ya kwanta, ya yi sumul har yana ƙyalli.

"Nan kuma kin san me ya cinye shi?"

Ta girgiza kai.

"Kowace safiya kina ciki da tukunya, yakan biyo ta can tsallaken titi. Ba hanyarsa ba ce, na tambaya. Sai ya tsaya daidai ƙofar nan, ya ɗaga hula, ya mayar, ya wuce. Ko ana ruwa. Bai taɓa tsallakowa ba, ni kuma ban taɓa amsa masa ba."

Auta ta rungume hular a ƙirji. Baba ya ɗaga kai ya dubi ta Mama a saman kantar shagon.

"Tsoro nake ji, 'yar nan," ya ce. "Tsoron gidan nan in babu ke. Amma ba laifinki ba ne, ba kuma nasa ba. Canja masa fatar, ki kira shi."

Ta ɗauki waya ta rubuta: "Dogon Kai, hularka ta tona maka asiri. Baba ya ce gobe ka tsallako."

Kafin ta ajiye wayar amsa ta shigo: "Tururina, ki sake faɗa, idona ba ya gani sosai."

Washegari ya tsallako, kansa ba hula, ya durƙusa har ƙasa. Baba ya ce ya turo manyansa. Ɗan mai takalma ya yi fushin kwana biyu, daga baya shi ya kawo wa amarya takalmi, yana ba kowa labarin yadda ya zaɓo shi.

Da safiyar ɗaurin aure, yayye sun cika gida da 'ya'yansu, Baba ya kira Auta shago su biyu. Tukunya na tafasa. Ya taka kujera, ya sauko da hular Mama, ya zare ta daga katakon a hankali. Ya auna kan 'yarsa bisa ɗankwali, ya ga nata ya ɗan fi. Ya riƙe hular a bakin tururi yana juyawa, yana buɗa ta da yatsunsa, har ta saki. Ya ɗora mata tun da ɗuminta.

"Ki riƙa sa ta," ya ce. "Na gaji da yi mata gadi. Allah ya yi miki albarka, ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ɗayanku ya san kaɗaici."

"Amin, Baba," ta ce, hawaye na sauka. Ta dubi katakon da ya rage tsirara a saman kantar shagon, zuciyarta ta karye.

Ba ta san mijinta ma ya gani ba. Tun daga makon da ta tare, tare suke fitowa, su hau mota su sauka su sake hawa wata. Ita ta wuce ɗakin baya wurin tukunyarta. Shi kuma ya cire hularsa, ya miƙa hannu ya kafa ta a kan katakon, ya ja benci kusa da tsohon.

"Ba daidai da ita ba ne," Baba ya ce ranar farko. "Kanka dogo ne."

"Na ɗan lokaci ne, Baba, kafin mu sha shayi."

Baba ya ɗaga kai ya dubi hular. Sai ya ɗauko buroshi, ya fara goge ta. Allah ya bar su tare, ya albarkaci gidan da zuriya mai cika shi da hayaniya.