Ƙaryar da Aka Yi wa Nonon Huseina

Zafin Jimeta ya kai inda ya kai, kwanon ɗaki har ƙara yake yi, amma Huseina rawar sanyi take! Ta zauna ta miƙe, ta je bakin ƙofa ta dawo, ta ɗauki zanen goyo ta shinshina ta ajiye... gaban rigarta sharkaf, ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, ɗaki kuma shiru babu kukan jariri. Ko suna ba a yi ba aka raba ta da ɗanta na fari.

Marainiya ce, tun tana rarrafe iyayenta suka rasu, ba ta da gidan da za ta je wankan jego. Mijinta Suhaib direban babbar mota ne, ya yi kudu da shanu, shi ya sa ƙanwar babansa, Goggo Na'inna, ta taso daga Girei da 'yarta Ruƙayyatu, wai sun zo taimako. Goggon ce ta ce sai an gwada nono yadda aka gada: a tatsa a ludayi a jefa tururuwa, in ta fito da rai lafiya lau, in ta mutu akwai dafi. Ta juya baya da ludayin, ta juyo tana salati. "Innalillahi! Ta mutu! Wannan nonon kashe yaro zai yi. Girei zan kai shi, Ruƙayyatu ta raine shi da madara." Ita kuwa Ruƙayyatun ta daɗe a ɗakin miji, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Huseina ta buɗe baki, kunyar ɗan fari ta danne ta. A gidan Fulani ina aka taɓa jin uwa ta yi jayayya da surukai a kan ɗan fari? "Goggo, ko ni ma in bi ku..." "Ke, rufe mini baki! Wadda ba ta tashi cikin dangi ba, me ta sani game da iyali?"

Daga nan masifa ta bi masifa. Magana ta zaga unguwar Nassarawo, matan da suka zo barka suka riƙa janye 'ya'yansu in ta miƙa hannu. Ta kira Suhaib tana kuka, ya ce, "Goggo ta fi mu sani, ki yi haƙuri," ya kashe waya. Zazzaɓi ya rufe ta. Fibi kaɗai, 'yar Numan da suke haya gida ɗaya, ita ke shigowa da ruwan zafi tana gasa mata, tana faɗa da irin Hausarta: "Maman bebi, ka matse, kar ka bari ya ƙafe! Tururuwa likita ne? Ni ko a kunu na jefa shi zai mutu!" Huseina sai hawaye... "Ya Allah, ba ni da kowa sai Kai. Ka san ban cuci kowa ba, Ka dawo mini da shi da rai!"

Ana gobe suna ta kasa jurewa. Ta zura hijabi, jiri na ɗibanta, ta ce ko da ƙafa sai ta haye gadar Binuwai ta je Girei. Tana isa zaure Keke ya tsaya. Ruƙayyatu ce ta fito rungume da jaririn, bayanta Bappa Hamajoɗa dattijon gidansu Suhaib, can kuma Goggo tana zage-zage. Yaron ya zabge, ido ya faɗa, kukan ma ba ya fita, duk madarar da aka ɗura masa amai yake yi.

Ruƙayyatu ta durƙusa a gaban matan da suka taru. "Ku shaida! Da idona na ga Dada, uwar da ta haife ni, ta murje tururuwar da farce kafin ta jefa. Na yi shiru don ina so in ji ɗumin yaro a bayana ko sau ɗaya... To na ji, amma ban runtsa ba. Gara in mutu ban haihu ba da a ce iyalina na sata ne!"

"Don ke na yi, 'yar banza!" in ji Goggo.

Bappa ya nuna ta da sanda. "Na'inna, kin kusa kashe mana jini. Daga yau ƙafarki ba ta sake taka gidan haihuwa a zuriyar nan, ko suna ko biki. Kama hanya!" Mata suka bi ta da ihu har bakin titi, mai Keke ma ya ƙi ɗaukarta. Suhaib da ya iso da yamma kasa haɗa ido ya yi da matarsa, sai neman gafara.

Amma Huseina tun tuni ta karɓe ɗanta ta zube a tabarma, yaro ya kama nono yana zuƙa, yana haɗiya da ƙarfi har ana ji. Ruƙayyatu ta share ido ta juya za ta fita, hannu wayam.

"Adda Ruƙayyatu," Huseina ta kira ta. "Ina za ki? Zauna. In ya ƙoshi ke za ki goya shi, ni bayana ciwo yake."