Sawun Gero a Dajin Kurfai

"Tsaya nan! Kashe ta!"

Magagi ya taka birki, motar ta nutse cikin rairayin kwari. Raƙuma suka ɓullo daga bayan itatuwan gawo — mutum huɗu, rawani har ido, takubba tsirara. Rana tsaka ce. Ya san su sarai, don da bakinsa ya faɗa musu inda zai rage gudu.

Shekarar fara ce, ta cinye gonakin Kurfai ƙarƙaf. Magagi kuwa sabon direba ne. Ran da Nasaran kamfani ya ɗauke shi a Yamai aka ce masa albashin direba ya fi na malamin ofis, har guɗa aka yi a gidansu a Filinge. Sai da ya kama sitiyari ya ji sauran zancen: sabon shiga gwaji yake yi, ba a biyansa sai damina ta wuce. Motar shimfiɗaɗɗen baya gare ta, ba bango ba rufi. Shi ke lodi, shi ke jan tamfol, shi ke ɗaure igiya, buhun da ya faɗi kuma a wuyansa. Gero yake kwasowa daga rumbunan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, zuwa Yamai, yana bi ta ƙofar gidansa, inda matarsa Habsatu ke jiƙa wa 'yarsu Mariama 'ya'yan anza masu ɗaci. Yarinyar ta daina kuka ma, kuma wannan ne ya fi tsorata shi.

A nan Baƙo ya same shi, tsohon madugun raƙuma da motoci suka kashe wa sana'a. Sharaɗin gajere ne: ya tsaya, su kwashe, su ɗaure shi kamar an fi ƙarfinsa, buhu biyu su sauka gidansa.

"Maza, Lawali! Yanke igiyag ga!" Baƙo ne yanzu bisa raƙumi, yana ba yaronsa umarni.

Buhuna suka zubo. Suka aza wa raƙuma, suka ja siririyar igiya suka tamke tamau, yadda suka saba yi wa taikin fata tun kakanni. Lawali ya ɗaure Magagi a jikin taya, ya ƙwala masa gindin takobi a goshi don abin ya yi kama da gaske. Da alama ya ji daɗin aikin.

"Baƙo, buhuna biyun hwa? Ɗiyata..."

"Wane buhu? Kai ma'aikacin Nasara na. Shi biya ka."

Suka yi arewa. Magagi ya yi kuka kamar yaro, ba don goshin ba.

Da la'asar gardawan kumandan, 'yan sandansa, suka iso bisa dawakai. Babbansu Musa ya kwance shi, ya ce ya biyo su ya nuna ɓarayin. Sawun raƙuman ya ɓace a kan fako, har Magagi ya fara ajiyar zuciya.

Sai ga mata.

Sun yi jerin gwano a duƙe, kowacce da ƙwarya, suna tsintar wani abu a ƙasa. Nan take Magagi ya gane. Buhun kamfani algarara ce, ba fata ba. Igiyar ta ci shi, gero na ta tsiyaya tun daga kwari. A shekarar da ake tonon gidan tururuwa, wa zai bar ƙwayar gero a ƙasa? Ta gaba duka Habsatu ce. Ba ta lura da mijinta a bayan dawakai ba. Da Musa ya tambaye ta, da murnarta ta nuna masa inda zubin ya nufa, can gindin dutse.

Suna isa gindin dutsen bindiga ta tashi — tau! tau! Lawali ya kife a kan buhu bai shura ba. Biyu suka tsere cikin duwatsu. Baƙo na ƙasa, harsashi a cinya, ya ɗaga yatsa.

"Ga wanda ya saida muna motar can. Ku tambaye shi."

Ba su ma tambaya ba. Aka ɗaure hannayen Magagi a sirdin Musa. Sannan Musa ya juya kan matan, ya ce geron kumandan ne, kowacce ta juye nata cikin buhu. Suka juye, har da ƙasar da ke ciki.

Habsatu na tsaye da ƙwarya wayam, tana kallon jinin goshinsa. Ya kira ta. Ya roƙe ta gafara, ya ce wallahi don Mariama ya yi. Ko uffan ba ta ce ba, shirun nata ya fi masa igiyar zafi.

Dokin ya fizge shi. Da ya waiwayo ya ga kumatunta a kumbure, leɓunanta a matse gam. Gero ne cike da bakinta. Ta juya ta kama hanyar Filinge da sassarfa, ba ta haɗiye ko ƙwaya ɗaya ba.