Jinin Gidansu

Chizuru na zuba miyar waken suya a kwanuka, sai surukarta Inna Tome ta ajiye tsinkayen cin abinci ta ce wa ɗanta, "Noboru, mai da ta gidan ubanta, ita da saniyarta."

Saniyar kyauta ce da mahaifin Chizuru ya haɗo ta da ita ranar aure. Da safen nan ta haihu, ɗan maraƙin ya fito ƙafafu a ƙage, wuya a murɗe. Ita kuwa Chizuru ga ta da tsohon ciki.

"Inna, me ta yi?" in ji Noboru.

"Jinin gidansu ne. Mu nan kowace saniya mun san sunan kakan kakanta, ba mu taɓa ganin wannan ba. Abin da ya fito a garke, shi zai fito a ɗaki."

Mutanen tsaunukan Kagoshima ta ƙasar Japan ke nan, sun fi sanin asalin shanunsu a kan nasu.

Noboru bai taɓa musu da uwarsa ba, amma ranar ya sunkuyar da kai ya ce, "In ta tafi, tare za mu tafi. Sai ki nemi mai yankar miki ciyawa."

Inna ta daina yi musu magana. Chizuru ba ta fasa gaishe ta ba, ba ta fasa dafa mata ruwan wanka ba, amma tsoro ya hana ta sakat. Duk motsin da ɗan cikinta ya yi sai gabanta ya faɗi.

"Noboru, in ya zo a murɗe fa?"

"Sai mu goya abinmu a haka."

Sanyi na tsananta, saniyar da Inna ke taƙama da ita ta haifi maraƙi makaho, ko nono bai iya kamawa. Na maƙwabta ma haka. Likitan dabbobi ya duba ya ce, "Ba jini ba ne, Inna. Ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro ba, lokacin zafi suke zuwa. Su ciji saniya mai ciki, ita ba ta nuna komai ba, cutar ta sauka kan ɗan."

Chizuru ta dafe ciki. "Ni ma sun cije ni, likita…"

"A iya saninmu ba ta kama mutum."

A iya saninsu! Da wannan maganar ta shiga naƙuda, tana kuka tana cewa kada a nuna mata abin da za ta haifa.

Inna ce ta karɓi jaririyar. Ta miƙar da ƙafar dama, ta miƙar da ta hagu, 'yar ta harbe ta a haɓa. Tsohuwa ta durƙusa, goshi a tabarma.

"'Yata, na ɗora miki laifin ƙwaro. Ki yafe mini."

Chizuru ta yafe. Zato zunubi ne, mai haƙuri kuma shi kan dafa dutse ya sha romonsa.