Iskar da Bahago Ya Cika

"Kowa ya kwanta!"

Ranar Juma'a ce, maza duk sun tafi masallaci. Hajiya Tayyiba mai sayar da gwal tana tsakar gida da sikelinta, sai ga ƙarti uku fuska a rufe. Na gaba da bindiga. Na biyu ya wawure jakar gwal. Na uku yana zaure yana gadin kekuna.

Kekuna, eh. Da kekuna aka zo fashi cikin birnin Zazzau.

Ni ce Rabi, uwar Bahago mai faci na Ƙofar Kibo. Ban yi boko ba, kuma ban iya lanƙwasa magana ba. Abin da zan faɗa daga bakin ɓarayin ya fito, ina zaune a benci a caji ofis suna zayyana shi. Yau kwana goma sha ɗaya ɗana yana kulle tare da su, kuma laifinsa iska ce. Ina so a sako mini shi.

Ga yadda aka fara. Mako guda kafin nan, da la'asar, suka zauna a bayan ganuwa. Sagiru ne ogansu, mai bindigar. Sauran biyun Jamilu da Suhail.

"Mota ba ta shiga lungu," in ji Sagiru. "Babur kuwa ƙararsa ta isa ta tashi unguwa. Ku kawo shawara, maza."

"Oga, na ga harka," in ji Jamilu. "Akwai wani Dakta Abdulwahab a unguwar Kongo. Duk Asabar shi da abokansa suna hawa duwatsu da wasu kekuna. Taya kamar cinyar bijimi. Rami, yashi, dutse, ba ruwansu."

"Dakta a keke? An kore shi daga aiki ne?"

"Motsa jiki, Oga. Ƙoshi ne ya yi musu yawa."

Asabar suka tare su a gindin dutse. Manyan mutane da furfura, cikin ɗamammen gajeren wando, da hular kwano a ka. Aka karɓe kekuna uku. Daktoci suka tako gida a ƙafa, suna rufe gwiwa da hannu in sun hango mata.

Na ga kekunan da idona. Faɗin tayar ya kusa tafin hannuna. Gaba akwai sifirin mai lotsawa. Baya kuwa babu komai, ƙarfe ne zalla tun daga sirdi har taya.

Safiyar Juma'a Suhail ya matsa taya da babban yatsa, ta lotsa.

"Oga, duk sun sace. Shida ɗin."

"Ka ji 'yan boko. Keken miliyoyi, iskar ta gagare su. A kai wa mai faci."

Suka tura su rumfar ɗana. Shekara talatin Bahago yana wannan rumfa. Shi ke cika wa 'yan garuwa tayar kura, shi ke cika wa masu itace da masu buhun gawayi. A wurinsa taya ba ta cika ba sai ya ɗalle ta da farce ta amsa kamar kwanon sha. Haka ubansa ya koya masa. Kuma mai faci ba ya tambayar inda ka samo keke, kamar yadda mai aski ba ya tambayar inda ka samo kai.

Bahago ya matsa tayar, ya girgiza kai.

"Wane mugun ne yake hawa abu haka?"

"Malam Bahago, a dai cika mana shap-shap."

"Ba a yi mini gaggawa a kan aiki."

Ya hau famfo. Ya buga, ya buga, ya ɗalla. Bai ji ba. Ya ƙara. Sai da gumi ya jiƙe masa riga, tayoyi shida suka zama kamar dutsen niƙa. Ya ɗalla, suka amsa.

"Yanzu kuka sami keke."

To mu koma gidan Hajiya. Suna fitowa ta saki ihu. Suka haye, suka faɗa lungu. Motar 'yan sanda ta zo bakin lungun ta tsaya cak, ko madubinta ba zai shiga ba. Sufeto Mustapha ya diro, ya bi su a ƙafa, tumbi na gaba yana biye.

Nan dai dabarar Sagiru ta ci. Amma tun a lungun sirdi ya fara dukansu.

"Oga, abin nan yana harbi!"

"Taka, dalla!"

Suka haura ganuwa ta inda ta zube. Daga can gangara ce, duk zaizayar ruwa da tsakuwa. Suka saki birki.

Keken Suhail ya daki dutse, ya yi sama — ya sauko — ya sake yin sama. Karo na uku keken ya sauko, Suhail bai sauko tare da shi ba. Sai a kududdufi aka ji faɗuwarsa.

Tayar Jamilu ta baya ta hau kaifin dutse. Tau! Ta fashe.

Sagiru ya ɗauka 'yan sanda ne suka buɗe wuta. Ko waiwaye bai yi ba, ya miƙa hannu baya ya harba. A cinyar Jamilu.

"Oga, ni ne! Oga!"

Sagiru ya ja birki, ya dawo. Jamilu ya miƙa masa hannu. Jakar gwal ya fizge daga wuyansa, ya sake hayewa.

Bai yi taku hamsin ba. Tayar gaba ta zame a tsakuwa kamar an shafa mata man gyaɗa, bayan keken ya ɗaga shi, bakinsa ya sauka a kan ƙarfen tuƙi. Sarƙoƙi da 'yan kunne suka watse a ƙasa daidai lokacin da aka taso daga masallaci. Kafin Sufeto ya iso yana haki, jama'a sun ɗaure su da rawanin wani malami.

A caji ofis aka tambayi Sagiru ko akwai sauran abokan aikinsu. Ya tofar da jini.

"Akwai. Mai facin Ƙofar Kibo. Shi ke shirya mana ababen hawa."

Ƙarya ce, haushin haƙoransa ne. Amma aka je aka ɗauko mini ɗa da famfonsa, wai shaida.

Dakta ya zo ganin kekunansa. Ya matsa taya ɗaya, ya dafe kai.

"Sufeto, tayoyin nan da gangan ake barinsu da laushi. Keken ba shi da sifirin a baya, laushin tayar shi ke shanye duka, shi ke kama ƙasa. Wanda ya cika su haka, shi ya kayar da mutanen nan."

Na miƙe. "To kun ji. Ɗana ne ya kama muku ɓarayi, kuna can kuna neman inda mota za ta bi."

"Iya, zauna," in ji Sufeto. Ya juya wurin Bahago. "Abu mai sauƙi. Ka ce ka gane su, ka cika iskar fiye da kima don su faɗi. In rubuta, ka tafi gida yau. Har hoto za a ɗauke ka."

Bahago ya dube shi.

"Ranka ya daɗe, ban cika fiye da kima ba. Iskar daidai take."

"Malam, Dakta ya ce..."

"Dakta ya san littafi. Taya tawa ce."

"Bahago," na ce, "don ubanka ka ce ka yi kuskure, ko ka ce da gangan ne. Ɗauki ɗaya."

"Iya, in na ce da gangan na ɓata taya, wa zai sake kawo mini kura? In na ce kuskure ne, shekara talatin me nake yi? Ko gobe aka kawo su, haka zan cika su."

Sufeto ya rufe littafinsa. "To ya amsa ya yi musu aiki, kuma aiki mai kyau. A mayar da shi."

Ga abin da aka kwasa. Jamilu yana asibiti da ankwa a ƙafar da ta rage masa lafiya. Suhail ya karya kafaɗa. Sagiru babu haƙora huɗu. Hajiya ta sami gwal ɗinta, ban da ɗan kunne guda da har yau ake tonon gangarar saboda shi. Dakta ya kwashe kekunansa, jiya ma an gan shi da wandon nan. Rumfar Bahago a rufe, matarsa Zainab da 'ya'ya biyar suna gidana.

Jiya na koma. Na ce wa Sufeto tunda ɗana ya ƙi faɗa, ni zan faɗa. Ni na haife shi. Ba ɗan fashi ba ne, ba jarumi ba ne, mai taurin kai ne kamar ubansa. A rubuta haka.

Ya juya takardar gaba da baya.

"Iya, gurbi biyu ne a nan. Wanda ake zargi, da mai ba da shaida. Babu na mai taurin kai."

"To ja layi ka yi na uku."

Ya ce ba shi da ikon jan layi, sai daga sama.

Na tsoma yatsana a tawadarsa na dangwala a tsakiyar gurbin biyu. Ku na sama, takardar tana zuwa muku. Inda kuka ga yatsan nan, nan ɗana yake. Ku buɗe masa ƙofa.